MAƘALAR MAKO: Littafinka Ne, Amma Wa Ya Jera Maka Shi?

  Wannan karon layi ya zo kaina, kuma abin da na ɗauko ƙarami ne a ido, har na san wani zai ce an rasa abin tattaunawa sai wannan. Magana ce a kan yadda ake sauya wa shafi wuri a cikin kwamfuta. Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, domin wannan ɗan ƙaramin abu ya taɓa cinye mana kuɗi, ya kuma kusa ɓata zumunci a ƙungiyarmu ta marubuta.

Ga yadda abin ya faru. Bayan kaka, lokacin da aka kai masara kasuwa kowa ya ɗan ji nauyin aljihunsa, sai muka yi karo-karo don mu fitar da littafin gajerun labarai na 'yan ƙungiya. Labari 12 muka tara, wasu daga Funtuwa, wasu daga Bakori da Danja, biyu daga Malumfashi. Ni ne sakatare, don haka ni na kai aikin wani shagon kwamfuta a nan cikin gari, aka buga labaran bi da bi yadda suka iso hannuna. Ana saura kwana biyu a kai aikin maɗaba'a a Zariya, muka zauna muka ga bai kamata a bar jerin haka ba. Labarin wata 'yar uwarmu shi ya fi kowanne ƙarfi, ga shi ya faɗa tsakiya. Muka yanke shawarar shi zai buɗe littafin.

Na koma shago na ce wa mai bugun, "Malam, don Allah shafi na 41 zuwa na 49 nake so ka ɗauko ka dawo da su farko."

Ya ce, "Ba damuwa, ranka ya daɗe, yanzun nan."

Ya ja maus ya zaɓe shafukan, ya yanke, ya je farko ya liƙa. Nan take littafin ya hargitse. Sunan labari na uku ya koma can gindin shafi shi kaɗai, labarin kuma ya fara a shafi na gaba. Wani wurin rabin shafi fari fat. Ashe tun farko duk inda labari ya ƙare, danna Enter yake ta yi har sai sabon labari ya gangara sabon shafi. Haka ya wuni yana ƙara Enter a nan, yana rage ta a can, ga janareta na shan mai, ga masu jiran a buga musu takardu sun fara tsaki. Da la'asar ya ce ya gama. Na duba sama-sama na ga kowane labari ya fara a saman shafi, na biya, na kama hanya.

Sai da kwafi 300 suka iso cikin kwali muka ga ɓarnar. Labarin 'yar uwar nan bai ƙare a shafi na 49 ba, akwai layi huɗu da suka tsallaka shafi na 50, kuma su ne ƙarshen labarin, inda asirin komai ya tonu. An baro su a can, sun manne a wutsiyar labarin wani bawan Allah da ba ruwansa. Littafinmu ya buɗe da labari marar ƙarshe, wani labarin kuma ya ƙare da maganar mutanen da ba a taɓa ambatonsu a cikinsa ba. Jerin abubuwan da ke ciki, wanda aka buga da hannu ana jera ɗige-ɗige, yana nan da tsofaffin lambobinsa. Daren jajibirin ƙaddamarwa a kan tabarma muka yi shi, da almakashi da gam, muna yanka 'yan guntayen takardu muna liƙawa a kwafi ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa mai labarin ta zo taron, ta zauna a baya, aka kira ta ta karanta labarinta ta ce makoshinta na ciwo.

Kowa a ƙungiya mai shago ya zaga, har da ni. Amma laifi tudu ne. Da na nutsu sai na ga ni na ba shi umarnin da bai dace ba. Shafi na ce ya ɗauka, ya kuwa ɗauki shafi. Da labari na ce ya ɗauka, tun daga sunansa har ɗigon ƙarshe, da ba a yi haka ba. Abin da ya fi ba ni kunya, ina da difloma, na yi darasin kwamfuta a makaranta na ci jarrabawarsa, amma ban san cewa a cikin Microsoft Word shafi ba abu ne da ke tsaye wuri ɗaya ba.

A nan ra'ayina yake, kuma shi nake so mu tattauna a wannan mako. Marubucin da ba zai iya ɗaga babinsa da hannunsa ya sauya masa wuri ba, ya bar wani ɓangare na rubutunsa a hannun wanda bai karanta labarin ba. Ya kamata mu daina yi wa kwamfuta maganar shafi, mu koyi yi mata maganar babi da kan magana.

Bari in yi bayani da abin da muka sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin awo a kasuwar Dandume ya ga yadda ake cika buhu. Ana zuba hatsi, in wannan ya cika a matsa na gaba. To, haka Word ke yi da rubutu. Rubutun gaba ɗaya tsibi guda ne, shafuka kuwa buhuna ne da aka jera. Ka ƙara sakin layi ɗaya a shafi na 2, abin da ke gindin shafin zai zube a na 3, na 3 ya tura wa na 4, har ƙarshen littafi. Saboda haka abin da ke shafi na 41 yau, gobe yana iya komawa na 42 ba tare da ka taɓa shi ba. Shi ya sa za ka gama lalube a cikin Word ba ka ga wurin da ake kama shafi a ja shi ba, alhali a PowerPoint ana yi, a fayil ɗin PDF ma ana yi da manhajar da ta dace. Su waɗannan kowane shafi an ɗinke bakinsa, abin da ke ciki ba ya zuba.

Kuma abubuwan da ke sa buhun ya sauya girma suna da yawa. Girman harafi yana sawa. Faɗin gefen takarda yana sawa. Kwamfutoci da dama suna zuwa ne a saite kan takardar Amurka da ake kira Letter, wadda ta fi A4 da muke saye a nan faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta, don haka da an gyara saitin sai shafuka su motsa. Ga kuma wata matsala tamu ta masu rubutun Hausa. Tsofaffin nau'o'in harafi irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar don a iya buga ƙ da ɗ da ɓ, sun yi wa Hausa hidima ƙwarai, kuma har yanzu akwai shagunan da ke aiki da su. Amma in ka ɗauki fayil a filash ka kai kwamfutar da ba ta da su, sai ta musanya da wani harafin, masu ƙugiya su rikiɗe, layuka su sauya tsawo, lambobin shafi su tashi daga inda ka bar su. Wanda ya gina littafinsa a kan Enter da lambar shafi, ko daga Funtuwa zuwa Zariya aikinsa ba zai kai lafiya ba.

Abin mamaki, kakanninmu sun riga mu gane wannan. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san yadda littattafan da aka rubuta da hannu suke, na Larabci da na ajami. Ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Ina yaro a Malumfashi na taɓa sakin na kakana suka watse a zaure, na tsaya ina rawar jiki ina jiran bulala. Sai ya ce, "Kai ɗan nan, tattaro min su kawai." Ya zauna ya jera su tsaf, babu lamba ko ɗaya a jikinsu. Daga baya ya nuna min sirrin. A can ƙasan bayan kowace warƙa, mai kwafin ya rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Kalma ke kiran 'yar uwarta. Duk wanda ya je Gidan Arewa a Kaduna, ko ɗakin adana rubuce-rubucen tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, zai ga wannan dabara a tsofaffin littattafai. Barin warƙoƙin a sake ya ba malami damar raba littafi ɗaya ga almajirai da yawa a lokaci guda, kowa da warƙarsa, kuma ba a tsoron su rikice domin jerin yana jikin maganar kanta. Mu da muke taƙama da boko muka mayar da dogaronmu kan lamba, abin da ya fi komai saurin sauyawa.

To, mene ne abin yi? Ba wani dogon karatu ba ne. Abu biyar ne, kuma duk wanda ya samu kwamfuta ta awa ɗaya zai iya gwada su.

Na farko, ka sanar da kwamfuta cewa wannan layin kan babi ne. Yawancinmu in mun rubuta "Babi na Uku" sai mu ƙara masa girma, mu yi masa kauri, mu kai shi tsakiya. Idonka ya ga kan babi, amma ita kwamfuta layi ta gani kamar kowane layi. Ka ɗora alamar rubutu a kan layin, ka danna Ctrl da Alt da 1 tare, ko ka zaɓi Heading 1 a sama. Ka yi wa kowane babi haka. Sannan ka danna Ctrl da F, wani shinge zai buɗe a hagu, a cikinsa akwai wurin da ke nuna jerin kanun babinka daga farko har ƙarshe. Ka kama sunan babi da maus ka ja shi sama ko ƙasa ka saki. Babin zai tashi gaba ɗayansa, da duk abin da ke ƙarƙashinsa har layin ƙarshe, ya koma inda ka ajiye shi. Tun fitowar Word 2010 ake iya wannan, kuma LibreOffice, wadda kyauta ce, ita ma tana da hanyar matsar da babi sama ko ƙasa. Manomi ya san bambancin ɗaukar dami da kwasar zangarniya a sake. Kan babi shi ne igiyar damin. Da mun ɗaure labarin 'yar uwarmu da wannan igiya, da layi huɗun nan sun biyo shi ko a shafi na nawa suke.

Na biyu, ka rabu da jera Enter. In babi ya ƙare kana son na gaba ya fara a sabon shafi, Ctrl da Enter za ka danna sau ɗaya. Wannan umarni ne cewa duk abin da ya biyo baya ya fara a sabon shafi, ko an ƙara rubutu a sama ko an rage. In kana son ka san halin da fayil ɗinka ke ciki, danna Ctrl da Shift da 8, duk Enter ɗin da aka ɓoye za su bayyana. Ranar da na fara gwada haka a kan fayil ɗin littafinmu, na ga wuri ɗaya da aka jera guda 19.

Na uku, kar ka buga jerin abubuwan da ke ciki da hannu. In ka yi wa kanun babi alama yadda na faɗa, Word da kanta za ta haɗa maka jerin da lambobinsa, a ƙarƙashin References. Duk sanda ka sauya wa babi wuri, ka taɓa jerin ka danna F9, ta sabunta lambobin. Ɗaliban da ke rubuta furojet su ne suka fi kowa shan wannan wahala. Malami ya ce a ɗauke wannan sashe daga babi na biyu a kai na ɗaya, sai ɗalibi ya kwana yana ƙirga shafi yana gyara lamba, gobe a sake wani gyaran ya koma gidan jiya, kuma kowane zagaye sai ya biya kuɗin firintin.

Na huɗu, in dole sai ka yanke ka liƙa, ka fara adana kwafin fayil ɗin da wani suna. Ka zaɓi rubutun daga kalmar farko zuwa ɗigon ƙarshe, kar ka kalli lambar shafi ko kaɗan. In sakin layi ɗaya ne kawai, ba ka ma bukatar yankewa, ka riƙe Alt da Shift ka danna kibiyar sama ko ta ƙasa, zai riƙa hawa ko sauka da kansa. Bayan ka gama, ka yi irin ta kakana, ka karanta mahaɗa. Ka karanta layin da ke kafin wurin da ka cire da wanda ke bayansa, ka je wurin da ka liƙa ka yi haka. Minti biyu ne. Su na kasa bayarwa a ranar nan, muka biya da dare guda da mutuncin 'yar uwarmu. Kalmomin yankewa da liƙawa da kwamfuta ke amfani da su ma daga almakashi da gam na gaske aka aro su, irin aikin da editoci ke yi a kan takarda kafin Larry Tesler da abokan aikinsa a kamfanin Xerox su shigar da dabarar cikin kwamfuta a shekarun 1970. Mai almakashi kuwa ya san ana duba wuri kafin a datsa.

Na biyar, ka bambanta jerin karatu da jerin maɗaba'a. Ɗauki kowane ƙaramin littafin Hausa da aka yi wa ƙusa a tsakiya, ka cire ƙusar ka zare takarda ɗaya. In littafin mai shafi 32 ne, za ka ga shafi na 32 da na 1 a fuska ɗaya, a bayansu na 2 da na 31. Takarda ta gaba 30 da 3, bayanta 4 da 29. Kowane biyu in ka haɗa 33 za su ba ka, wato yawan shafuka da ƙarin ɗaya. Shi ya sa kuma yawan shafukan irin wannan littafi dole ya rabu da 4, tunda kowace takarda shafi huɗu take ɗauka. Na ga masu shago da ke ƙoƙarin yin wannan jeri da hannu a cikin Word, suna yanko rubutun shafi na 32 suna kawo shi kusa da na 1. Ranar da aka gano kuskuren kalma ɗaya aka gyara, komai ya rushe. Kai dai ka bar littafinka a jere daga 1 zuwa ƙarshe, ka mayar da shi PDF don bakin buhunan ya ɗinku, ka miƙa wa maɗaba'a, jerin bugu aikinsu ne. In ɗan ƙaramin abu ne da za a fitar a firinta ta shago, Word na da saitin naɗin littafi a wurin tsara takarda, ita za ta jera da kanta. Kuma kar ka yarda a buga ɗaruruwa sai an fitar maka da kwafi ɗaya an naɗe, ka zauna ka karanta shi daga bango zuwa bango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san akwai masu ja, kuma na ji hujjojinsu a zamanmu na ƙungiya.

Wani ya ce aikin marubuci rubutu ne, tsara shafi aikin mai shago ne, ai Abubakar Imam bai san kwamfuta ba kuma har yau ba a yi kamarsa ba. Gaskiya ne bai san ta ba. Amma a tuna abin da ke bayansa. Gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja hukuma ce ta shirya ta a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, da masu duba rubutu da masu gyara. Daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi NORLA, aka yi NNPC a 1966. Marubuci a wancan tsari yana da edita da zai karanta aikinsa kalma bayan kalma. Mu fa? Tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, marubucin Hausa shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Babu wani edita tsakaninka da mai karatu. In ba ka duba jerin ba, babu mai dubawa.

Sannan ban yarda cewa jeri ba rubutu ba ne. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ramuwa suke yi wa juna, wannan ya yi, wancan ya rama. Ka musanya wurin haɗuwarsu biyu, sai ramuwa ta riga laifi, daɗin ya tafi. Mai littafin soyayya da ya sa ranar ɗaurin aure kafin rikicin da ya kusa hana auren ya kashe labarinsa ko da kowace jimla ta yi kyau. Sau da yawa sai ka gama rubutu kake gane cewa babi na biyar ne ya kamata ya buɗe littafin. In sauya wurin zai ci maka kuɗin mota zuwa shago da wuni guda da roƙon mai bugu, sai ka ce a bar shi haka nan. Littattafai nawa ne suka fito a gurguje saboda mai su ya ji tsoron taɓa jerin? Wanda ya iya jan babi cikin daƙiƙa biyar yana da damar ya gwada jeri uku ya zaɓi wanda ya fi.

Wata 'yar uwa kuma ta ce, "Yaya, kai kana maganar kwamfuta, mu da waya muke rubutu." Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin mafi yawan masu tasowa a cikinmu a waya suke rubutawa, su saki a WhatsApp ko Wattpad kashi-kashi. Amma ka'idar ba ta sauya ba. Ki ba kowane babi fayil ɗinsa, ki sa masa lamba da suna, 01, 02, 03, da 'yar kalmar da za ta tuna miki abin da ke ciki. In kin so sauya jeri, lambar kawai za ki sauya. Ranar da za a haɗa littafi, ki zauna kusa da mai shagon, ki ce ya sa wa kowane kan babi alamar da na ambata, kuma kar ki tashi sai kin ga jerin ya fito a gefen hagu. Mai rubutu a waya ma ta fi mu kusa da tsarin warƙoƙin kakanni, in dai ta kula da abin da ke haɗa kashi da kashi.

Game da masu shago kuwa, ina roƙon mu sassauta. Yawancinsu a wurin maigida suka koya, shi ma maigidan a wurin wanda ya fara da tafireta ya koya, irin waɗanda ke zama a bakin kotu da gidan waya. A tafireta shafi abu ne na gaske, takarda ce ka zura, in ta cika ka zare, kuma in kana son sauka ƙasa dole ka yi ta tura layi. Wannan ɗabi'a ce ta biyo su cikin kwamfuta. Ga shi kuma da shafi muke biyansu, kuma sai mun yi ciniki kamar muna sayen tumatir a Danja. Mutumin da ake biya da yawan shafi, yana ƙona mai, wasu na jira a bayanka, da wane dalili zai tsaya tsara maka kanun babi? Araha ba ta ado. In muna son aiki mai kyau, mu ware kuɗin tsarawa daban da kuɗin bugawa, mu faɗi abin da muke so tun farko.

Waɗanda nake ganin ya kamata su sake lale su ne makarantun koyon kwamfuta da suka cika garuruwanmu, har da darasin kwamfuta na manyan makarantu. Ana koya wa yaro yi wa harafi kauri da launi, ana koya masa zana katin biki, a ba shi satifiket, amma bai taɓa riƙe fayil mai shafi 60 ba. Jarrabawar da zan so a riƙa yi mai sauƙi ce: a ba ɗalibi rubutu mai babi biyar, a ce ya mayar da na huɗu ya zama na biyu, jerin abubuwan da ke ciki ya daidaita, cikin minti biyar. Amfanin bai tsaya kan marubuta ba. Sakataren ƙungiyar manoman auduga da aka ce ya sauya jerin sassan tsarin mulkin ƙungiya kafin a kai rajista, da ɗalibar ungozoma a Malumfashi da ke gyaran furojet, da mai haɗa takardar neman tallafi, duk matsalarsu ɗaya ce.

Mu kuma 'yan ƙungiyoyin marubuta, daga rassan ANA har zuwa ƙananan ƙungiyoyinmu na gari, muna zaman karatu wata-wata, muna gyara wa juna ka'idar rubutu da raba kalma, kuma hakan yana da kyau. Ina ba da shawara a ware zama ɗaya tak a shekara, a aro kwamfuta biyu ko uku, kowa ya zo da rubutunsa ya ɗaga babi da hannunsa. A gayyato masu shagunan da muke kai wa aiki su ma su zauna, a ba su lemo, a koya tare ba tare da an kunyata kowa ba.

Mu mun gwada. Na koma wurin mai shagon nan na ba shi haƙuri kan maganganun da na faɗa masa, muka buɗe fayil ɗin muka gyara shi tare. Da ya ja labarin farko ya ga ya tashi ɗungurungum ya koma ƙarshe, ya sake jawo shi ya dawo, sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ka san shekara nawa ina kwana a kan wannan aikin?" Yanzu shi ke nuna wa yaransa. 'Yar uwarmu kuwa ta dawo zama bayan wata uku, amma ta kafa sharaɗi: duk littafin da sunanta zai fito a ciki, sai ta karanta kwafin gwaji da idonta kafin a buga. Muka mayar da sharaɗin nata doka a kan kowa.

Ra'ayi riga ce. Masu shagon kwamfuta da ke cikin zauren nan, ina so in ji ta bakinku, musamman kan batun raba kuɗin tsarawa da na bugawa, ko zai yiwu a kasuwarmu ko ba zai yiwu ba. Wanda kuma yake da rubutu a ajiye, ya buɗe shi yau ya danna Ctrl da Shift da 8, ya dawo ya gaya mana Enter nawa ya tarar.

Inda na yi daidai Allah ya ba mu ladan baki ɗaya, inda na yi kuskure malamai su gyara min. Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa, in mai kowa mai komai ya kai mu.